Gyaran hoton namun daji ba ha'inci ba ne

Sau da yawa idan mai ɗaukar hoto ya nuna hoton giwa da ya ɗauko a Yankari, sai wani ya ce, "Ai an gyara shi a kwamfuta," wato dai ƙarya ce. Wannan zargi yana damuna, domin babu hoton kyamarar zamani da ya tsira daga gyara. Wayar hannunka ma da kanta take ƙara wa hoto kaifi da launi kafin ta nuna maka.

Masu ɗaukar hoton namun daji sun fi ajiye hoto a tsarin RAW, ɗanyen abin da kyamara ta kama. Irin wannan yana iya riƙe matakan haske 16,384 a kowane launi, JPEG kuwa, tsarin hoton da aka saba gani, 256 kacal. Amma ɗanyen kan fito dishi-dishi, balle a hunturu, lokacin da hazo ke lulluɓe bakin kogin Gaji da ke Yankari. Mai hoton ne zai zauna ya dawo da duhun fatar giwar da ƙurar da ta watsa wa bayanta, daidai yadda idonsa ya gan su. Ha'inci shi ne a liƙo zaki daga wani hoton, sannan a ce haka aka gani.

Sai kuma bugawa. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa sai an haska ta. Shi ya sa hoto kan yi duhu a takarda, sai an ɗan ƙara wa wuraren da suka yi duhu haske, an buga ƙaramin gwaji tukuna kafin babban.