Wai Buddy Rich ne na ɗaya?

Wannan jerin gwanayen gangar jazz da ake ta yawo da shi tun jiya, wanda ya haɗa shi da ido yake sauraron kiɗa. Buddy Rich a sama, Art Blakey can ƙasa kamar ɗan rakiya. To madalla. Sai a ba Rich kofin tsere, tunda gudu aka zo yi.

Sauri ba kiɗa ba ne. Na san za ku turo mini bidiyon nan da hannunsa ke rawa har sanda ta ɓace, na gani, ban musa ba, mutumin yana da hannu. Amma wa ya taso a ƙarƙashinsa? Me ya sauya a yadda ake buga ganga? Kenny Clarke ne ya ɗauke riƙon lokaci daga babbar gangar ƙafa ya mayar da shi kan farantin tagulla, shi ya buɗe wa salon jazz da ake kira bebop hanya. Max Roach ya ɗora a kai tare da mai busa saxophone Charlie Parker. Elvin Jones ya yi shekaru yana tura mai busa saxophone John Coltrane gaba. Tony Williams yana ɗan shekara 17 mai busa trumpet Miles Davis ya ɗauke shi a 1963. Duk waɗannan sauraron abokan kiɗansu suke yi.

Shi kuwa Blakey, ƙungiyar kiɗansa, Jazz Messengers, makaranta ce. Lee Morgan, Wayne Shorter, har Wynton Marsalis, duk ta hannunsa suka bi. Sama da shekara 30 yana ɗauko yara yana mayar da su manya. Ko a wajen biki, mai kalangun da ake nema shi ne wanda gangarsa ke magana har mata su miƙe, ba wanda ya fi kowa saurin hannu ba.

Masu cewa ai kowa da ra'ayinsa, na ji. Ku riƙe naku. Sauri dai ba kiɗa ba ne.

Wallahi abin yana min ciwo, don yaran da ke koyo yanzu irin wannan jerin suke bi.

Af, kun san Blakey ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta, ya zama Abdullah Ibn Buhaina? Tony Allen, mai gangar Fela, ma Blakey ya ɗauka gwani, har ya yi faifai don girmama shi a 2017. Shi ma Allen ban ga sunansa a jerin ba, amma wannan rigimar wata rana ce.