Kuna Shan Romon, Kuna Zagin Tukunyar

Har yanzu abin nan na shagon aski bai bar raina ba. Masu turo min saƙo wai in yi haƙuri, wasa yake yi, na ji ku. Wane irin wasa? Ƙato da gemunsa ya fizge littafin kwamik, wato mai labari cikin zane-zane, daga hannun yaro ɗan shekara 13, ya ɗaga sama yana nuna wa jama'a, wai "ku ga Malam Katun, da girmansa yana karatun 'yan tsana." Kowa ya kwashe da dariya. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Kuma a daidai lokacin me ke tashi daga sifikar da ke rataye jikin madubi? Waƙar Burna Boy ta fim ɗin Wakanda. Shi gwanin ba'ar ne ma ya haɗa wayarsa, yana ta gyaɗa kai.

Sannu da ƙoƙari, babban yaya mai ilimi. Wakandar da kake rawa a kanta daga ina ta fito? Daga irin littafin da ka fizge. A 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka fara zana Black Panther, sarkin ƙasar Wakanda, a cikin kwamik ɗin Fantastic Four, a Amurka, a kan takarda mai arha da yara ke saya da kuɗin alawa. Shekara 52 bayan nan aka yi fim, Kendrick Lamar ya jagoranci waƙoƙinsa. Da aka zo na biyu a 2022, sai ga 'yan Najeriya a ciki: Burna Boy, Rema, Tems. Har waƙar Rihanna da ta kai ga takarar Oscar da hannun Tems a rubuta ta. Ranar nan duk kun cika mana Facebook da tutar ƙasa kuna alfahari. Yau kuma yaron da ke riƙe da asalin abin shi ne sakarai.

Kuna shan romon, kuna zagin tukunyar. Maganata ke nan, kuma zan yi ta maimaitawa.

Masu son rap na gaske ku fito ku faɗa musu. MF DOOM, wanda ya rasu a 2020, a ina ya samo fuskar ƙarfen da yake rufe kansa da ita? Daga Doctor Doom, mugun da ke cikin wannan Fantastic Four ɗin dai. Ghostface Killah ya sa wa kundinsa na 1996 suna Ironman, har yana kiran kansa Tony Starks, daga Tony Stark, sunan jarumin kwamik ɗin Iron Man. Waɗannan mutane a New York suka tashi, kuma a cikin littafin zane suka fara ganin wanda aka raina da rana ya zama abin tsoro da dare. Abin da suka ɗauka suka zuba a waƙa ke nan.

Wani ya rubuto min wai ai al'adar Turawa ce. To mawaƙi Fela Kuti Bature ne? Je ka duba bangon fayafayansa, zanen Lemi Ghariokwu, sojoji da 'yan siyasa da manyan tumbi, kamar shafin kwamik. Kafin ka ɗora faifan, zanen ya gama gaya maka wa za a zaga. Papa Ajasco da kuka yi ta ƙyaƙyata masa a talabijin fa? A mujallar zane ta Wale Adenuga, Ikebe Super, aka haife shi. Masu kawo batun hukuncin zanen mai rai kuma, wannan fagen malamai ne, ban shiga ba. Amma mutumin nan ba hadisi ya jawo ba. Kiɗa yake ji, yana neman wanda zai wulaƙanta.

Abin da ya fi ci min rai, da aka mayar wa yaron littafin sai wata takarda ta faɗo daga tsakiya. Na ɗauka. Zanensa ne da biro: mai Keke Napep da rawani, ya ɗaga keken sama da hannu ɗaya, ambaliya na bi ta ƙasa, fasinjoji na leƙe. Har da rubutu a 'yar kumfar magana, da Hausa, ƙ da ɗ duk da lanƙwasarsu. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na ce masa, "Ƙanena, wa ya koya maka?" Ya ce ba kowa. Ya karɓe ya cusa a aljihu da sauri, kamar na kama shi da kayan sata. Haka muke yi. Mu kashe wa yaro guiwa, in wani ɗan Legas ya yi fice da irin abin nan mu dawo muna kuka wai an bar Arewa a baya.

Af, wai ina masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi suka shige ne? Da can da canjin makaranta sai ka samu mujalla uku, bango a yage, wani ya riga ya yi lissafi a bayanta. Na zaga wurin da na sani ran Asabar ina nema wa yaron, duk sun koma sayar da caja da gilashin waya. Wanda ya san inda suka koma ya ajiye min a ƙasa.