Kujerar Nukufetau ba ta Willy Telavi ba ce

Ina mamakin masu kare abin da firaminista Willy Telavi ya yi a Tuvalu, ƙaramar ƙasar tsibirai a Tekun Fasifik, a shekarar 2013, suna kiransa dabarar siyasa, har suna ƙarawa da cewa bai karya doka a fili ba. Dabara ce lallai, irin ta wanda aka ba ajiya ya kulle ɗaki ya tafi da mabuɗin. Ministan kuɗi Lotoala Metia ya rasu a watan Disamba na 2012, kujerarsa ta tsibirin Nukufetau ta zama babu kowa, amma sai ranar 28 ga Yuni, 2013 aka yi zaɓen cike gurbi, shi ma sai da Babbar Kotu ta sa baki. Wata shida cur firaminista ya hana mutane zaɓen wakilinsu, kuma babu wani dalili da ya wuce lissafi.

Lissafin ma ba ya buƙatar malami. Majalisar ƙasar kujera 15 ce a lokacin, babu jam'iyyu, kowane ɗan majalisa da kansa yake tsayawa. Da Metia ya rasu sai aka koma bakwai da bakwai. Telavi ya san cewa idan mutanen Nukufetau suka zaɓi ɗan adawa, gwamnatinsa ta faɗi ke nan, saboda haka ya zaɓi ya bar su da wakili ɗaya maimakon biyu, kuma wannan ɗayan shi ne Enele Sopoaga, jagoran 'yan adawa. Ranar da aka bar su suka kaɗa ƙuri'a sai suka zaɓi Elisala Pita, ɗan adawa, aka koma takwas da bakwai.

Kujerar nan ta mutanen Nukufetau ce. Hakkinsu ne, ba kyauta ce da firaminista zai miƙa musu ranar da ya ga dama ba.

Za a ce ƙasar ƙarama ce, mutanenta ba su wuce dubu 11 ba, faɗinta duka murabba'in kilomita 26, me za a tayar da jijiyar wuya a kai? Wannan magana ba ta da kan gado. Inda kujeru suka yi kaɗan ne kujera ɗaya take da nauyi, domin a nan ita ce ta raba wanda zai yi mulki da wanda zai sauka. Za a kuma ce tsibiran suna da nisa da juna a tsakiyar Tekun Fasifik, kai kayan zaɓe daga Funafuti, babban birnin ƙasar, sai da jirgin ruwa. Madalla. To ta yaya aka yi zaɓen cike gurbi na tsibirin Nui a watan Satumba na wannan shekarar, mako shida kacal bayan kujerar ta zama babu kowa, da zarar Telavi ya bar mulki? Ashe jiragen suna tafiya.

Abin da ya biyo baya shi ya tona asirin niyyarsa. Bayan ya rasa rinjaye, ya ce kundin tsarin mulki bai tilasta masa kiran zaman majalisa fiye da sau ɗaya a shekara ba, sai gwamna-janar Iakoba Italeli, wakilin Sarauniya Elizabeth wadda ita ce shugabar ƙasar a lokacin, ne ya kira zaman da aka yi ranar 30 ga Yuli. A ranar kuma ministan lafiya Taom Tanukale ya ajiye kujerarsa ta Nui, washegari kakakin majalisa Kamuta Latasi ya ƙi barin a kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, hujjarsa wai akwai gurbin da ba a cike ba. Ku duba wannan abin dariya: mutanen da suka yi wata shida gurbi bai dame su ba, su ne suka wayi gari suna kishin mazaɓar da ba ta da wakili. Telavi ya nemi Sarauniya Elizabeth ta tsige gwamna-janar, gwamna-janar ya riga shi, ya sallame shi ranar 1 ga Agusta, 'yan majalisa takwas kuma suka zaɓi Sopoaga firaminista.

Da gaske nake faɗa, abin da ya fi sosa mini rai shi ne masunta da manoman kwakwa na Nukufetau, waɗanda aka mayar da su lamba a lissafin wani. Mutum ya rasa wakilinsa ta hanyar mutuwa, wannan hukuncin Allah ne, amma a hana shi zaɓen wani, wannan hukuncin ɗan adam ne, kuma zalunci ne ko da lauyoyi sun samo masa suna mai daɗi.