Wanda Aiki Ya Kawo Bauchi, Ya Daure Ya Fita Ya Ga Ƙasar

Akwai ma'aikata da dama da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Bauchi, suka shafe shekaru a cikinta, suka tattara suka koma garuruwansu ba tare da sun san komai nata ba face hanyar ofis, da kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, da masallacin da suke sallar Juma'a, da tashar da suke shiga mota idan ƙarshen mako ya zo. Idan aka tambayi irin wannan mutum yadda ya baro Bauchi, zai yabi masarta, ya ce garin ba shi da hayaniya, daga nan zance ya ƙare. A ganina wannan asara ce babba, domin Bauchi da maƙwabciyarta Gombe suna cikin yankunan da Allah ya ƙawata da duwatsu da kwaruruka da koguna, kuma mafi yawan wannan arziki ba a biyan ko sisi kafin a kalle shi. Abin da yake buƙata shi ne ƙafa, da ɗan lokaci, da sanin yadda ake shiga ƙasar mutane.

Ni daga ƙasar Kano aiki ya kawo ni, inda ƙasa take a shimfiɗe, inda yaro zai girma bai san wani dutse ba sai Dala da Goron Dutse. Na kuma san dalilin da ya sa mutanenmu ba sa fita. Bahaushe matafiyi ne na gaske, fatauci ya kai kakanninmu Gwanja, aikin Hajji ya kai su Makka a ƙafa, amma tafiyarmu kullum tana da dalilin da za a iya faɗa wa mutane: biki, ko ta'aziyya, ko cin kasuwa, ko neman ilimi. Ranar da mutum ya ce zai je ya hau dutse kawai don ya gani, tambayar farko da abokan aikinsa za su yi masa ita ce, “Me ka ajiye a can?” Wasu su ce rashin aikin yi ne, wasu su ce kwaikwayon Turawa ne.

Ban yarda da wannan zargi na ƙarshe ba ko kaɗan, domin duwatsun nan tarihinmu ne, kuma tun kafin Bature ya san da su mutane suke hawansu suna sauka. Lokacin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, a tsakanin duwatsu ya kafa shi, kuma duk wanda ya tsaya a saman ɗayansu ya dubi yadda garin ya kwanta zai fahimci cewa wanda ya zaɓi wurin ya san yaƙi. A tsakiyar ƙarni na 19 kuma, da Malam Hamza da jama'arsa suka saɓa da hukumar Kano suka baro Tsakuwa, duwatsun Ningi suka nufa, kuma daga cikinsu ne magadansu suka yi shekaru masu yawa suna gagarar Kano da Bauchi baki ɗaya. Ni da na taso ina jin labarin Ningawa a bakin tsofaffin Kano a matsayin abin tsoro, sai da na ga duwatsun da idona na gane dalilin da ya sa dawakai suka kasa musu komai. Al'ummomi da yawa na kudancin jihar a kan duwatsu suka zauna saboda tsaro, ba su sauko fili ba sai da yaƙe-yaƙe suka lafa a zamanin mulkin mallaka, shi ya sa har yau mai hawa yake cin karo da kufai a can sama, da ragowar katangar dutse, da duwatsun niƙa da hannu ya kwarmaɗe, da fasassun tukwane. Wanda kuma yake neman hujja daga addini, Alƙur'ani ya umarce mu a wurare da dama da mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce umarnin bai shafi ƙasar da ke bayan gidanmu ba.

Shawarata ga sabon zuwa ita ce ya fara da na kusa. Duwatsun da ke kewaye da garin Bauchi, irin su Warinje, sun isa su koya wa mutum hawa, kuma wanda ya fita bayan sallar asuba zai hau ya sauko kafin rana ta yi zafi. A nan zai koyi abubuwan da ba a koyo a ƙasa: cewa falalen dutse da yake da sauƙin hawa shi ne mai wuyar sauka, cewa raɓar safiya tana mayar da shi santsi, cewa silifa ba takalmin hawa ba ne. Zai ga bishiyar hano mai ɓawo kamar takarda, wadda ta fi son tsaguwar dutse fiye da ƙasa mai taki, zai ga rema tana shan hantsi, idan ya yi sa'a ma ya hangi birai.

Amma babban abin da nake so in ja hankali a kai shi ne wannan: a ƙasar nan ba mu da hanyoyin hawa da hukuma ta shata ta kafa musu alluna kamar yadda ake gani a hotunan ƙasashen waje. Kowace 'yar turba da ke kan dutse akwai waɗanda ƙafarsu ta fitar da ita, mata masu itace ne, ko makiyaya, ko mafarauta, ko masu neman magani, kuma kowane dutse yana da ƙauyen da yake ganin nasa ne. Wasu matasa suna kallon wannan a matsayin ci baya, ni kuwa ina ganin shi ne alherin abin, domin yana tilasta wa baƙo ya bi ta hannun mutane, kuma da ɗan gari akan ci gari. Ka isa ƙauye, ka ajiye motarka, ka tambayi gidan mai unguwa, ka yi sallama ka durƙusa ka ce, “Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Bauchi, muna so mu hau dutsen nan mu ga ikon Allah, shi ne muka ce ba za mu wuce ba mu nemi izini ba.” Abin da yawanci yake biyo baya shi ne ya yi dariya, ya sa a kawo ruwa, ya aika a kira wani saurayi ya ce ya raka ku. Wannan saurayin ya san inda ƙudan zuma suka yi saƙa, ya san kogon da ba a shiga, ya san inda kaburburan kakanninsu suke, ya san ɓangaren da al'adarsu ta keɓe ba a taka shi, ya kuma san inda ruwa yake kwanciya har tsakiyar rani. Babu taswirar waya da za ta gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan kun sauko, a sallame shi sallama ta mutunci, domin ya bar gonarsa ne ya bi ku.

Shi ya sa raina yake ɓaci da wata ɗabi'a da ta fara yaɗuwa, ta masu zuwa a ayari da lasifika, su ratsa gonar mutane ba sallama, su ɗauki hoton matan ƙauye ba izini, su bar ledojin ruwa a warwatse, wani ma ya fito da fenti ya rubuta sunansa da na budurwarsa a jikin dutse. A jihar nan akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu, a Geji cikin ƙaramar hukumar Toro da kuma a Shira, waɗanda suka daɗe ƙwarai suna jure rana da ruwa, amma gwangwanin fenti guda ya isa ya lalata su a yini ɗaya. Kuma duk ƙauyen da aka wulaƙanta sau ɗaya, baƙon da zai zo daga baya shi zai tarar da ƙofa a rufe.

Ga wanda ƙafarsa ba ta ɗaukar hawa, ko mai iyali da ƙananan yara, hanyoyin mota kaɗai sun isa kallo. Wadda na fi so ita ce ta Jos. Tazarar ta kai kilomita 130 ko kusa da haka, kuma a cikinta mutum yana tashi daga tudun da bai wuce mita 600 da ɗoriya ba zuwa kimanin mita 1,200, har ya ji iska ta sauya a jikinsa. Dutsen Zaranda yana tsaye yana rakiyar matafiyi na tsawon lokaci, a wuce Nabordo, a ratsa mashigin Panshanu inda tarin duwatsun nan na tarihi da ake kira Kwandon Kaya yake, a bi ta Magama Gumau har Tilden Fulani. Direbobin haya suna bin hanyar nan kamar ana korarsu, fasinja kuma kansa na cikin waya, alhali wanda ya bi ta a hankali a ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ta rufe gindin duwatsu, gajimare kuma ya sauko musu, ba zai so a isa ba. Hanyar Dass gajeriya ce, ba ta cin awa guda, kuma garin yana kwance ne a gindin duwatsun Mbula, waɗanda a ganina babu kamarsu a kusa da Bauchi. Ta Ningi kuwa tana bi ta Kafin Madaki, inda gidan Madaki yake, ginin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a ƙarni na 19, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, sannan a yankin ne dajin Sumu yake, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya.

Yankari ba ta buƙatar talla daga gare ni, hasali ma ƙorafina shi ne duk zancen yawon buɗe ido a Bauchi daga ita yake farawa a kanta yake ƙarewa. Amma ta cancanci sunanta. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na kimanin digiri 31 dare da rana, rani da damina. Abin da zan ce wa mai zuwa shi ne kada ya tsaya a wanka da gudun gwaggon biri mai fizgar abinci. Ya nemi a kai shi kogunan Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, domin shaida ce cewa mutane sun zauna a dajin kafin ya zama na namun dawa. Ba a yawo a ƙafa a ciki sai da ma'aikacin daji, kuma wanda yake son ganin giwa da ɓauna da gwanki ya je a ƙarshen rani, lokacin da ƙishirwa take tara su a bakin kogin Gaji.

Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, mutanen Bauchi kansu ba su cika ba ta haƙƙinta ba a wannan fanni. Daga garin Gombe zuwa madatsar ruwan Dadin Kowa a kan kogin Gongola bai kai kilomita 40 ba, kuma a yankin ne dutsen Bima yake, wanda masu jiran bayyanar Mahadi suka riƙa ƙaura zuwa gare shi a ƙarni na 19. Can arewa, wajen Bajoga, akwai Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a hannun sojojin Ingila a 1903. Amma ga mai son hawa, kudu ce alƙibla: a bi ta Kumo da Billiri zuwa Kaltungo, inda dutsen Kilang ya miƙe shi kaɗai ana hango shi tun daga nesa, daga nan a hau tudun Tula, a ga yadda manoma suka jera duwatsu suka yi wa gangare matakala don kada ruwa ya kwashe musu ƙasa, a ga tsohon gidan yarin da Turawa suka bari. Sai dai yankin Kaltungo gidan kububuwa ne, macijin da ake yi wa laƙabi da gobe da nisa, har akwai asibitin da aka keɓe don saran maciji a garin. Mai tafiya a can ya sa takalmi rufaffe da wando mai kauri, kada ya cusa hannu a ƙarƙashin dutse, idan kuma tsautsayi ya faɗa, asibiti za a nufa kai tsaye, a bar batun ɗaurewa da tsagawa.

Na san za a ce mini zamanin bai ba da damar wannan ba, ga tsadar mai tun da aka cire tallafi a 2023, ga matsalar tsaro. Duka biyun gaskiya ne. Akwai dazuzzukan da ba zan ba kowa shawarar shiga ba a yanzu, musamman na wajen Lame da Burra da wasu sassan Alkaleri, inda aka sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma halin wuri yana iya sauyawa daga wata zuwa wata. Wannan ma wani dalili ne na bi ta hannun mai unguwa da direbobin da suke bin hanyar kullum, domin su suke fara sanin inda ya ɓaci. A fita da safe, a dawo kafin magariba, a bar wa wani a gida sunan ƙauyen da aka nufa. Batun mai kuwa, mutum huɗu suna iya haɗa kuɗi su shiga mota ɗaya, motar haya tana zuwa Dass da Toro da Kaltungo kowace rana, dutsen bayan gari kuma kuɗin keke napep ne kawai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, koguna sun ja baya, ga sanyin safiya, hazon hunturu kuma bai riga ya rufe nesa ba. A watan Maris da Afrilu kuwa falalen dutse yana ɗaukar zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa tun kafin azahar, don haka wanda ya ce lallai sai ya hau a bazara, ya ɗauki ruwa ninki biyu na abin da yake zaton zai sha, ya kuma tabbatar ƙarfe goma ta same shi a ƙasa.