Su rage iskar gas a can, mu nan ƙura muke fama da ita

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Mata wani ƙanena ya miƙo min waya, wai in ga wani Ba'amurke yana kuranta 'yar na'urar da ke rage iskar gas a bindiga. Daga nan ya yanke hukunci: AK-47 aikin gaggawa ce, iskarta ta wuce kima. Na ce sannu injiniya.

In albarushi ya kama, ba duk iskar da ke tura harsashi ke fita ta baki ba. Akwai 'yar huda a jikin bututun da ke mai da wani kaso baya, shi ke tofar da kwanso ya ɗora sabon harsashi. In iskar nan ta yi yawa, bindiga ta dinga naushin kafaɗa, ƙarafan ciki su ci juna. Nan kam yaron bai yi ƙarya ba.

Sai dai Kalashnikov, wanda ya ƙera AK-47, ba mantuwa ya yi ba. Rarar nan ita ke sa bindigar ta tashi ko ta sha yashi. Duk mai babur ya san haka. Bakanike ya matse maka kafireto don tsimin mai, ka yi ta murna, ranar da hunturu ya sauko da asuba kuma ka yi ta buga kik har ƙafa ta sage. Shi Ba'amurken a fili mai tsabta yake harbi, ya koma gida ya goge. Ɗan sandan da ya wuni a shingen hanyar Zariya cikin hazo fa?

'Yan Beljiyam sun raba gardama a bindigarsu FAL, wadda sojojinmu suka daɗe suna saɓawa: sun sa mata abin murɗawa, a ƙara ko a rage. Dabara ce, amma sai a hannun wanda aka koya wa. M16 kuwa, bindigar sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam, da aka sauya mata albarushi sai ta ƙara gudu da datti, ga sojoji da yawa ba kayan gogewa. Ta dinga cijewa ana tsakiyar artabu, har majalisar Amurka ta yi bincike a 1967.

Kada wani ya ce ina koyar da ƙira. Dokar makamai ta 1959 ba ta sakar wa irinmu waɗannan bindigogi ba, zancen masu kaki nake yi. Su ɗin ma, kafin a sayo musu na'ura, a fara ba su mai da tsumma tukuna.

Ƙanen nawa dai ya karɓe wayarsa, ya ce in biya kuɗin shayi.