Filashin lafiyarsa ƙalau

Ka soka filashi, kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba, nan take mai shagon buga takardu a Agege zai ce, "Malam, ya mutu, je Computer Village ka sayi sabo." Haba! Ka sha cunkoson Ikeja, inda kasuwar kwamfutar take, a banza? Sau da yawa direban USB ne ya rikice, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane filashin. Buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfutar, za ka ga alama ruwan ɗorawa, wani lokaci da lamba 43. Cire na'urar daga jerin, zare filashin, sake kunna kwamfutar, ita da kanta za ta mayar da direban. Amma wa zai tsaya? Wani ma fomat zai danna maka, takardun makarantar yara su bi ruwa.