Ku daina ƙirƙiro wa garuruwanku tarihin ƙarya

Jama'a wallahi abin nan ya ishe ni. Jiya na ga wani yaro ya zuba fostin a Facebook wai ƙauyensu ya shekara dubu biyu da kafuwa, wai wani ɗan sarki ne ya taso daga Gabas da dawakai ya kafa shi, mutane kuma sai sheyarin suke ana Allah ya ƙara basira, ba wanda ya ce masa malam a ina ka ji. Haba samari! Yanzu kowane ƙauye daga Yemen ya zo, ko daga Misra, ba wanda kakansa manomi ne, ba wanda kakansa mafarauci ne, kowa jinin sarauta. To wa ya sare dajin? Wa ya haƙa rijiyar farko?

Ku sani yawancin ƙananan garuruwa a ko'ina a duniya ba da tambura aka kafa su ba. Mutum ne ya sami ruwa da ƙasar noma ya kafa bukka, ɗan'uwansa ya biyo shi, wani makiyayi ya yada sanda, fatake suka mai da wurin zango, maƙeri ya zo, malami ya zo, sai ga gari. Wasu gudun yaƙi ya kawo su, wasu yunwa, wasu haraji suka guje wa. Meye abin kunya a nan? Amma ku sai kun ƙawata, sai kun ƙara gishiri, kun manta ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Kuma tarihin gaskiyar ya fi naku daɗin ji. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa don tsaron iyaka, can ya rasu a 1837. Tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, Abu Ja ne ya kafa ta a 1828 bayan an fitar da shi da mutanensa daga Zariya, kuma ba su ɓoye cewa gudun hijira ya kai su ba. Wasu garuruwan jirgin ƙasa ya raya su, layin dogo ya isa Kano a 1911, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, tasha ta zama kasuwa, kasuwa ta zama unguwanni. Tsohuwar Bussa kuwa ruwan dam ɗin Kainji ya shanye ta a 1968 aka kwashe mutanen zuwa sabon matsuguni. Duk wannan a rubuce yake, ana iya bincikawa, ba irin naku na ƙanzon kurege ba.

Ko Amurka da kuke ta yi wa kallon aljanna, da yawan ƙauyukansu talakawa ne suka kafa, dokar 1862 ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara 5, kuma jikokinsu har yau suna bin takardun suna alfahari da cewa kakansu ya zo ba shi da komai sai gatari. Mu kuwa kakanmu mai gatari kunyarsa muke ji, sai mun naɗa masa rawani a intanet.

Abin da ya fi ƙona min rai, tsofaffin da suka san gaskiyar suna nan zaune a gindin bishiya, ba mai zuwa wajensu. Kana da datar kallon ƙwallo har asuba, kana da ta caca, amma ba ka da awa ɗaya ka durƙusa gaban kakarka ka ce Iya ina aka fara zama, su wa suka riga mu, me ya sa aka tashi daga kufai. Matambayi ba ya ɓata. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, sai dai ku rimin ma ba ku hawa, kwafa kawai kuke ku liƙa. Sannan wannan ƙaryar ita ke haifar da rigima gobe, wannan gida ya ce mu muka fara zuwa, wancan ya ce ku baƙi ne, a kai ga faɗan gona da na sarauta, alhali duk daga fostin ɗin wani mai neman suna abin ya faro.

Mai son gaskiya ya je gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna ko cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, ko dai ya fara da tsohon da ke maƙwabtaka da shi, ni dai na faɗa. Da can yaro ɗan shekara goma zai lissafo maka kakanninsa biyar da sana'ar kowanne, in tsoho bai san abu ba zai ce Allahu a'alamu ya yi shiru. Yanzu an rushe ganuwa an yi bulo da ƙasarta, an cike tsohuwar rijiya da shara, an yanka kufai fuloti-fuloti, tsofaffin suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna nan muna gardama a kan wani yarima daga Yemen da ko sunansa babu wanda ya sani.